Babi na Biyar: Tarin da Ya Ƙi Jin Magani

Wanda ya taso daga Zuba ya nufi Gwagwalada, kafin ya kai mahaɗar Giri sai ya ratsa Tungan Maje. Yawancin matafiya ba sa ma lura da cewa gari suka ratsa. Abin da idonsu ke kamawa bai wuce masu faci da masu shayi da 'yan acaɓa da yara masu tallar ruwan leda ba. Hanyar kuwa ba ƙarama ba ce, ita ce ta haɗa Kaduna da Lakwaja. Tirelar da ta ɗauko shanu ko albasa daga Arewa, da tankar da ta ɗauko mai daga Kudu, nan suke bi, dare da rana. Garin mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Gwagwalada, cikin Babban Birnin Tarayya. A takarda, yaron da aka haifa a nan ɗan Abuja ne, daidai da wanda aka haifa a Maitama ko Asokoro. Amma abin da su biyun suke shaƙa da abin da suke sha da irin barcin da suke yi ba ɗaya ba ne.

Ina da ƙanwa a can, 'yar ƙanen mahaifina. Mijinta dako yake yi a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, yana fita da asuba, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Suna haya a ɗaki ciki da falo, a gida mai magidanta shida, 'yar tafiya kaɗan daga bakin titi. Wata rana cikin hunturu na je gaishe ta, na iske ɗanta na uku, mai shekara biyu da 'yan watanni, yana tari irin wanda ke sa haƙarƙarin yaro ya lotsa. Ta jawo wata leda ta zazzage a gabana: kwalaben maganin tari, ragowar maganin zazzaɓi, da ƙullin wani gari da aka aiko mata daga gida.

"Yaya, wallahi babu wanda ban ba shi ba," in ji ta. "Sai ya samu sauƙi sati biyu, sai abin ya dawo. Wasu sun ce haƙori ne, wasu sun ce sanyi ne, surukata kuma ta ce iska ce."

Na daɗe ina juya maganar surukar nan tata. Ba iskar da take nufi ba ce, amma lallai akwai hannun iska a ciki: iskar da yaron yake ja zuwa ƙirjinsa tun ranar da aka yanke masa cibiya.

Ƙanwata da icce take girki, ranar da hali ya yi ta sayi gawayi. Da tana da 'yar tukunyar gas. Bayan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin motar maigida zuwa Dei-Dei ya fara cinye na cefane, farashin komai ya tashi, tukunyar ta koma ƙarƙashin gado. Da rani a tsakar gida take hura wuta, da damina kuma a bakin ƙofar ɗaki. A kowane hali yaron yana goye a bayanta, in ta sunkuya tana fifita wuta fuskarsa tana daidai inda hayaƙi ke tashi. Ba zan taɓa kushe goyo ba, domin babu inda jariri ya fi samun natsuwa kamar bayan uwarsa. Amma bayan uwa mai girki da icce wuri ne na hayaƙi, sau biyu ko uku a yini.

Hayaƙin icce yana ɗauke da wasu ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, waɗanda sai an jera kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi guda. Ƙura mai gwaɓi, gashin hanci da majina suna tare ta. Waɗannan kuwa wucewa suke yi har ƙasan huhu, mafi ƙanƙantansu ma su ratsa zuwa cikin jini. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, sabon jariri kuwa sau 30 zuwa 60. Idan aka auna da nauyin jiki, yaro ya fi babba zuƙar iska nesa ba kusa ba, ga shi kuma huhunsa bai gama ginuwa ba, hanyoyin numfashinsa sirara ne, ɗan kumburi kaɗan ya isa ya toshe su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ta kuma ce kusan rabin yaran da ciwon limoniya ke kashewa a wannan shekarun, hayaƙin cikin gida yana da hannu a mutuwarsu.

Wannan na murhu ke nan. Ga na titi kuma. A Landan akwai wata yarinya 'yar shekara 9 mai ciwon asma, gidansu yana kusa da wata babbar hanya mai cunkoson motoci. Ta rasu a 2013. Mahaifiyarta ta ƙi yarda a rufe maganar, ta yi ta bin kadi har a watan Disamba na 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska tana cikin abin da ya kashe ta. Wannan a ƙasar da ake duba hayaƙin mota kafin a sabunta mata takardu. Mai karatu ya tuno baƙin hayaƙin da tsohuwar tirela ke fesowa idan ta taso da kaya, ya tuno yarinyar da ke tsaye da faranti a ka a daidai tsayin salansa. Da dare kuma maƙwabci ya tayar da janareto a jikin taga, a kunna maganin sauro mai hayaƙi, a rufe ƙofa da taga ruf saboda sauro da ɓarayi. Da safe a cinna wa shara wuta, leda da roba da komai. Idan hunturu ya kama, ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta zo ta hau kan wannan duka.

Da abin ya tsaya a ƙirji, da da sauƙi. Gidan su ƙanwata ba famfo. Daga ɗan garuwa suke saye, shi kuma daga burtsatse yake ɗebowa a jarkokin da Allah kaɗai ya san ranar da aka wanke cikinsu. Ranar da ba kuɗin garuwa, sai rijiyar tsakar gida, wadda ba ta da nisa da shadda. Kowa ya san amai da gudawa, kuma ba a manta 2021 ba, shekarar da kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, har da Babban Birnin Tarayya a wuraren da ta shafa. Abin da ba a cika sani ba shi ne ɓarnar da ba ta da hayaniya. Yaron da kullum yake haɗiyar 'yan ƙwayoyin cuta daga ruwa da ƙasa da kashin kaji, ko bai yi gudawa ba, bangon hanjinsa yana zama cikin kumburi, ba ya tsotse amfanin abinci yadda ya kamata. Ya ci, amma jiki bai samu ba. A hankali sai tsawonsa ya gaza na sa'o'insa, mu kuma mu ce ai gado ne, kakansa ma gajere ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kashi 68 kuma na 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Yaron da ya tsumbure garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi, shi ya sa murar da ɗan maƙwabci zai yi kwana uku ya warke, shi sai ta gangara masa ƙirji. Ciwon kuma ya hana shi cin abinci, ya ƙara ramewa, ciwo na gaba ya same shi ya fi da rauni.

Ƙarancin jinin nan yana buɗe wata ƙofa da ta fi tayar mini da hankali. Jikin da ke ƙishin sinadarin ƙarfe, idan ya samu dalma sai ya zuƙe ta fiye da kima, kuma dama yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na babba. Mu 'yan Arewa mun ga aikin dalma da idonmu. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka lura yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai. Ashe duwatsun zinariya da ake kawowa cikin gida ana daka ana niƙa, cike suke da dalma. Ƙurar ta zauna a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. A 'Yargalma da Dareta da Abare da Bagega da maƙwabtansu yara fiye da 400 suka rasu. Dubbai aka yi wa magani, kuma sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin da bai kai Bagega ba sai 2013. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, jihar da Zuba ke bakin iyakarta, inda yara 28 suka rasu.

Ba cewa nake Tungan Maje Bagega ce ba. Abin da Zamfara ta koya mana shi ne dalma mai yawa tana kisa a gaban idon kowa, 'yar kaɗan kuwa tana ɓarna a ɓoye, kuma masana sun haɗu a kan cewa babu adadinta a jinin yaro da za a ce ba komai. Tana rage kaifin ƙwaƙwalwa, tana hana yaro tattara hankali, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Tana cikin tsohon batirin mota da ake fasawa a bayan gareji, tana cikin wasu fentin, tana iya kasancewa a tukunyar da aka ƙera da tarkacen ƙarfen da aka narka. Tana kuma cikin abin da muke yi don ƙauna. Kwallin dutse na gargajiya, wanda kaka ke ranganɗa wa jariri ranar suna, asalinsa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan iyaye 'yan Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa. Da aka gwada kwallin da ake sa masa, wanda daga Najeriya aka kai, sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Yaro ya murza ido, ya kai yatsa baki, shi ke nan. Na san wuyar gaya wa tsohuwa ta daina sa wa jikanta kwalli, na kuma gaya wa tawa, domin ƙwaƙwalwar yaron ta fi ƙarfin kunyar da nake ji.

Duk abin da na lissafa zuwa nan ana iya auna shi da na'ura. Akwai wanda ba ya shiga ta hanci ko ta baki.

A watan Satumba na 2020, cikin dare, 'yan bindiga suka shiga Tungan Maje suna harbi, suka yi awon gaba da mutane zuwa daji. A farkon Nuwamba na 2021 aka kai irin wannan hari gidajen ma'aikatan Jami'ar Abuja da ke Giri, aka tafi da mutane har da yara. Tsakanin waɗannan biyu kuma akwai satar ɗaliban Kankara da na Jangebe, da kuma ta 'yan Islamiyyar Tegina, waɗanda suka yi kusan wata uku a hannun miyagu. Jaridu suna ƙirga waɗanda aka sace da waɗanda aka sako. Ba wanda ke ƙirga yaran da suka kwana a ƙarƙashin gado, uwa ta toshe musu baki da tafin hannu. Babbar 'yar ƙanwata tana da shekara shida lokacin harin farko. Ta daɗe da daina fitsarin kwance, sai ga shi ya dawo. Idan taya ta fashe a titi sai ta ruga ɗaki tana kyarma. An yi mata faɗa, an yi mata tofi, an kuma yi mata gori a gaban ƙannenta.

Abin da ke faruwa a jikin yaro mai firgici sananne ne. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai jiki ya saki wasu sinadarai, babbansu shi ne kotizol. Zuciya ta ƙara bugu, sukari ya ƙaru a jini, narkar da abinci da girma da gyaran jiki a ɗage su sai hankali ya kwanta. Rahama ce, domin da ita ake tsira daga maciji ko gobara. Amma an yi ta ne don ta tashi ta sauka. Idan tsoro ya zama na kullum, ko na 'yan bindiga, ko na mai gidan haya da ke bugun ƙofa, ko na jan fentin rusau a bango, ko na faɗan uwa da uba kan kuɗin cefane, to ba ta sauka. Barci ya lalace, garkuwar jiki ta rikice, karatu ya ƙi zama. A 1998 likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, suka fara fitar da sakamakon binciken da ya shafi manya fiye da 17,000 a San Diego ta Amurka. Sun tambaye su irin wahalar da suka sha a yarinta, suka kwatanta da lafiyarsu. Gwargwadon yawan wahalar, gwargwadon yawan ciwon zuciya da na huhu da na hanta da baƙin ciki mai tsanani bayan shekaru masu yawa. Mutanen nan kuwa akasarinsu masu ilimi ne masu inshorar lafiya.

Ga inda nake so mai karatu ya tsaya. A 2009 aka buga wani bincike da aka bi yara kusan 2,500 a kudancin Kalifoniya har shekara uku. An duba hayaƙin motocin da ke kusa da gidajensu, an kuma auna damuwar da iyayensu ke ciki. Aka ga hayaƙin ya fi haddasa asma ga yaran da iyayensu ke cikin matsananciyar damuwa. Hayaƙi iri ɗaya, amma ɓarnarsa ta fi yawa a gidan da hankali ba ya kwance. Wato abubuwan nan ba jere suke zuwa ɗaya bayan ɗaya ba, kowanne yana wasa wa ɗan'uwansa wuƙa. Yunwa tana buɗe wa dalma hanya, gudawa tana buɗe wa limoniya, tsoro yana buɗe wa hayaƙi. A asibiti kuwa kowane ciwo da layinsa da katinsa. Likitan yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada zai iya ceto yaron da numfashinsa ke sarƙewa, kuma suna cetowa kullum, Allah ya saka musu. Amma ranar sallama yaron zai koma ɗakin da ya kwantar da shi. Wanda ke da ikon gyara ɗakin nan ba ya sa farar riga: mai shimfiɗa bututun ruwa ne, da mai kwashe shara, da mai hana tirela mai hayaƙi hawa titi, da mai tsaron gari, da mai biyan malamai albashi. A 2025 makarantun firamare na gwamnati a ƙananan hukumomi shida na Abuja sun yi fiye da wata uku a rufe saboda yajin aikin malamai kan mafi ƙarancin albashi. Yara da yawa bakin titi suka koma da faranti.

Abin da ke saukar da firgicin yaro shi ne babban da ya natsu, wanda zai rungume shi ya ce ba komai, ina nan. A gidajenmu galibi uwa ce. To ita wa ke saukar da nata? Bincike a Rawalpindi ta Pakistan, da wani a kudu maso yammacin Najeriya, sun nuna cewa jariran iyaye mata masu ciwon damuwa sun fi ramewa da tsumburewa. Ba don ba sa son 'ya'yansu ba. Macen da baƙin ciki ya danne, shayarwa tana yi mata nauyi, wasa da yaro yana yi mata nauyi, lura da cewa numfashinsa ya canza yana yi mata nauyi. A ƙauye akwai kaka da gwaggo da inna da matan gida, yaro yana da bayan da zai hau ko uwarsa ta gaza. Garuruwan gefen Abuja kuwa cike suke da waɗanda tsadar haya da rusau da neman abinci suka watso, kowa ya baro danginsa a nesa. Ƙanwata ta yi jegon ɗanta na uku ba wanda ya ɗora mata ruwan wanka sai wata maƙwabciya Bagwariya. Idan irinta ta ce ta gaji, amsar da take samu ita ce ta yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai daraja, amma bai kamata ya zama kalmar da muke rufe bakin mara lafiya da ita ba.

Akwai wani aiki da ke ƙarfafa mini gwiwa. A shekarun 1986 da 1987, a Kingston ta ƙasar Jamaika, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure. Wasu daga cikinsu, ma'aikaciyar lafiya takan ziyarci gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yabe shi, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan kimanin shekara 20 aka nemo su. Waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Ba allura, ba na'ura. Irin abin da kakanninmu ke yi ne da tatsuniya da tawai da wasan 'yar tsana, ga kuma wata da ke zuwa duk mako ta zauna da uwar ta saurare ta.

Ranar da na ga yaron nan na ƙanwata, na ɗaga rigarsa, na duba agogo na ƙirga numfashinsa na minti guda. Ma'aikatan lafiya suna da ƙa'ida mai sauƙi: jaririn da bai kai wata 2 ba, sau 60 ko fiye haɗari ne, daga wata 2 zuwa shekara 1, sau 50, daga shekara 1 zuwa 5, sau 40. Nasa ya haura, ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa. Muka tari mota zuwa Gwagwalada a daren. Limoniya ce, ya kwana huɗu a gado.

Bayan an sallame su, maigidanta ya kafa 'yar rumfar langa-langa a can ƙarshen tsakar gida, aka mayar da murhu can. Suka yi yarjejeniya da maƙwabciyar nan: idan ɗaya tana girki, ɗayar ta riƙe yaran. An daina kunna maganin sauro, an ɗaura gidan sauro. Kwallin ma an ajiye. Babbar 'yar kuma uwarta ta daina yi mata faɗan shimfiɗa, ta koma kwantar da ita kusa da ita.

Da na kira bayan sallah, ta ce tarin ya ragu sosai, ba kamar da ba. Ta ce yarinyar ma takan yi sati ba ta jiƙa katifa ba. Ina jin ƙarar tirela tana wucewa ta cikin wayar, sai da muka dakata ta wuce kafin ta ci gaba.

"Sai dai ruwan nan, Yaya," in ji ta. "Jarka ta ƙara kuɗi. Jiya daga rijiya muka sha."